Wankin Injin Motar Kawu

Jiya na tarar da ɗan marigayi kawuna a bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu, yana kwarara wa injin boksin mahaifinsa, wato motarsa a-kori-kura, ruwa alhali yana tururi. Na hana shi. Ya ce, "Ɗan jami'a, ƙarfe ne fa, ba kakarka ba."

Motar nan kaɗai ke kai marasa lafiyar ƙauyenmu asibiti a Wad Madani. Kawu ba ya wanke injinta sai ya taɓa shi da bayan hannu ya ji ya huce. Sannan ya cire wayar batir, ya ɗaure dinamo da leda, ya ɗauki goga. Ba zan rantse ko da man dizal yake farawa ko da sabulu ba. Warin man dai yana hancina.

Wani hantsi muna tare muna jiran injin ya huce, matarsa ta leƙo. "Alhaji, gadin ƙarfe kake yi?"

"Hajiya, in na yi gaggawa ya tsage, ke za ki goya mutane zuwa Madani?"

Yau da safe motar ta ƙi tashi. Maƙwabcinmu da maciji ya sara, a keken jaki aka tafi da shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya kai bawan nan asibiti da sauran numfashi.