Baƙon da ya sauka a jikin Ya'u mai madara

Ya'u maƙwabcina ne, katangar zana ce kawai tsakaninmu, ko atishawa ya yi sai na ce masa yarhamukallahu daga kan gadona. A kasuwar Gadarif, nan Sudan, an san shi da harshensa. Makiyaya na kawo madara daga wajen Ƙala'at an-Nahal, shi kuma ba ya sayen jarka sai ya tsoma ludayi ya kurɓa ɗanya. Ya juya ta a baki, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan an yi mata wanka a rijiya." Ni ina ce masa ɗan maraƙi, shi yana ce mini kunnen zana.

Abu na biyu da aka san shi da shi, saukar baƙi. Lokacin da mutanen Khartoum da Madani masu gudun yaƙi suka cika gari, ɗakinsa ya ba wasu, ya koma rumfa da matarsa Atine. A cikinsu akwai Daktora Amal, wadda ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti.

Bayan kakar riɗi zazzaɓi ya fara zuwar masa. Da la'asar yake zuwa, kamar mai sallama, da safe ya tafi. Zufarsa tana warin jiƙaƙƙiyar ciyawa, har ta zana nake ji. Daktora ta ɗibi jininsa, ta dawo ta ce maltiyya ce, ciwon ɗanyar madara.

Ina nan lokacin da take masa bayani. Ta kira shi Ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu Ya'u, a jikin mutum akwai 'yan gadi ƙanana masu haɗiye cuta. Wannan ƙwayar cutar idan an haɗiye ta ba ta mutuwa. Zama take a cikin mai gadin, ta sa shi ya riƙa jawo sukarin jini fiye da kima, yana ƙonawa da gaggawa, ita tana cin abin da ya rage. Shi ya sa maganin yake da tsawo, sai ya bi ta har ɗaka."

Na ce, "To, ɗan maraƙi, ka yi baƙon da ya fi ka wayo."

Ni wasa na yi. Ya'u bai yi dariya ba. Ya dafa cikinsa ya ce, "Ashe yunwa yake ji."

Ya fara shan maganin. Sai ya ga fitsarinsa ya koma ja. Daktora ta riga ta gaya masa haka ɗaya daga cikin magungunan yake yi, amma ya leƙo ta zana fuskarsa a murtuke.

"Rufa'i, yanka shi ake yi a cikina. Ubana bai taɓa zubar da jinin wanda ya sauka gidansa ba."

Ya ɓoye maganin a buhun dawa. Da la'asar sai ya sa Atine ta kawo shayi kofi biyu. Na farko ya cika masa sukari har cokali ya tsaya, ya shanye, ya yi shiru yana saurare, kansa a karkace. Can ya ce, "Ya sha." Sannan ya ɗauki nasa.

Ya daina cewa ni. "Mun ƙoshi." "Yau ba ma son fita." A kasuwa ya kurɓi madarar da rabinta ruwa ne, ya ce lafiyarta ƙalau, zaƙi ne dai babu. Bayansa ya fara lanƙwashewa. Wata rana na shiga na tarar da tururuwa sun ja layi daga bakin rumfa, sun hau ƙafar gadon, shi yana kwance yana kallonsu yana murmushi. Na ce, "Ya zol, mutumina, dangin baƙon ne suka zo gaisuwa?" Muryata ce ta fito, amma ban ji ta kamar tawa ba.

Atine ta gano maganin a buhu, ta kai wa Daktora. Daktora ta ce ciwon ya kama ƙashin baya, idan ya kai zuciya sai dai addu'a. Ya'u ya ce ba ya korar kowa.

Na zauna gefen gadon. Na ce, "Ya'u, wa ya ce kora? Rakiya za ka yi. Ka taɓa ganin baƙon kirki ya zauna har maigida ya kasa tsayuwa ya yi salla? Jan da kake gani lalle ne, na bankwana."

Ya daɗe yana saurare, ba ni ba. Sannan ya miƙa wa Atine hannu.

Ya sha maganin har ƙarshe, da allurai. Yana nan da ransa, da sanda, bayansa bai miƙe ba. Madara yanzu sai an tafasa, ludayin yana rataye a rumfa. Da la'asar Atine tana kawo kofi biyu har yau. Ɗayan a kife yake, babu komai a ciki. Na taɓa kai hannu zan ɗauka, Ya'u ya riƙe ni.

"Bar shi haka. In baƙon ya leƙo, ya ga an tashi."