Agogon da Baffa Ya Ɓata da Hannunsa

Shekara arba'in Baffana yana gyaran agogo a ɗan shagonsa, bai taɓa yarda minti ɗaya ya ɓace masa ba. Sai autarsa ta tafi karatu. Jirginsu ya tashi ƙarfe shida na safe, aka ce masa tafiyar awa sha biyu ce, ba tsayawa.

Shida na yamma, yana tattara kayan aiki, ta kira. "Baba, mun sauka lafiya. Nan sha biyun rana ne."

Ya dubi bango, agogo tara duk bakinsu ɗaya. "Ke, sauran awa shidan fa? A jirgi kika baro su?"

Na ɗauko lemo da tocila, ina juyawa ina nuna masa yadda rana take haska duniya. Ya kalle ni sheƙeƙe, ya ce, "Kai ma lemon nan ya ruɗa ka."

Washegari ya sauko da agogo guda, ya mayar da shi baya awa shida, yana tsaki. Duk wanda ya ce, "Malam, wannan ya lalace," sai ya ce, "Na sani." Har yau shi ya fi kallo.