Tsuntsuwar da muka je nema Zambiya

Mu tara ne a ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye, kuma in ban da mutum ɗaya, duk malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti masu ganin kansu sun waye. Kowace Lahadi bayan an tashi daga majami'a mukan gangara bakin kogi ta wajen unguwar Lamorde a nan Yamai, kowa rataye da madubin hangen nesa, wanda muke ce wa jimel. Masu wanki da masu lambu suna kallonmu suna dariya. A lokacin ina jin haushinsu, yanzu kuwa na gane sun fi mu gaskiya.

Sau ɗaya a shekara muke tafiya mai nisa, kuma zaɓen inda za a je shi ne babban rikicinmu. Shugabanmu, wanda ba ya amsa kira sai an ce masa firzidan, haifaffen Yamai ne da ya yi karatu a waje ya dawo da wani littafin tsuntsaye na Faransanci mai kauri kamar tubali. Duk tsuntsun da ya gani sai ya yi masa alama da jan biro. Wanda ba shi da alama shi ne tsuntsu a wurinsa, wanda ya riga ya samu kuwa ko a kafaɗarsa ya sauka ba zai waiwaya ba. Ban taɓa jin ya kira tsuntsu da Hausa ba. Balbela ma sai ya yi mata suna mai gaɓa biyu yana murguɗa baki.

Mutum ɗayan da na ware shi ne Baba, tsohon malamin asibiti ɗan Dogon Dutsi, mai zaune a unguwar Harobanda, ƙetaren gada, wajen 'yarsa. Ba shi da littafi, jimel ɗinsa ma ido ɗaya ya tsage. Amma da kuka kaɗai yakan gaya maka wane tsuntsu ne a cikin ciyawa.

A shekarar da nake magana, likita ya gaya wa Baba cewa hawan jinin ido ya ci ƙarfin maganin, abin da ya rage masa na gani ba zai kai wata shekara ba. Mu duka mun sani. Ranar zaɓe, gab da faɗuwar damina, ya miƙe da sandarsa ya ce:

"'Ya'yana, bana ni ma ina da roƙo. Mu tai Dutsi. Akwai kuka bayan gidan mahaifina, shamuwa na sheƙa bisanta tun ina yaro. Ina son in gan su sau guda, ku ma ku gani."

Firzidan ya yi murmushin nan nasa na mai haƙuri da jahilai.

"Baba, shamuwa kuma? Tsuntsun ƙauye? Wannan ai ko mai kiwon awaki ya san shi. Mu ƙungiya ce ta ilimi."

Sai ya zaro takarda ya karanto mana abin da ya shirya: Zambiya, a hutun Kirsimeti. Ya jero sunaye da Faransanci kamar mai karanta addu'a, ya tsaya a kan ɗaya ya maimaita shi, cigogne d'Abdim. Ya ce a can ake ganinta garke-garke, kuma har yau babu ita a littafinsa. Wata malamar lisafi ta dafe ƙirji ta ce oh la la, alhali na rantse ba ta san ko mai fiffike ake nufi ko mai ƙaho ba.

Aka ce a ɗaga hannu. Takwas suka tashi. Ɗaya daga cikinsu nawa ne, ni da na san ko fasfo ba ni da shi. Na ɗaga ne don kada a ce malamin da ya zo daga Maradi bai waye ba. Ban taɓa raina kowa kamar yadda nake raina kaina in na tuna hannun nan a sama ba.

Da muka fito na rako Baba har bakin gada, na ce masa kada ya damu, ni zan kai shi Dutsi da motata. Ya ce to, ɗana. Sai jarrabawa ta zo, sai gyaran takardu, sai motar ta ƙi tashi, sai bikin wani. Kullum ina da dalili mai kyau. Kafin in farga an yanke gero, shamuwa sun tashi.

Mutum uku ne suka samu zuwa Zambiya. Da suka dawo, firzidan ya ce mu je mu gaida Baba, tunda ya daina zuwa bakin kogi. Gaskiyar magana, wurin nuna hotuna yake nema. Muka tarar da tsohon a kan tabarma a tsakar gida, fuskarsa na bin muryoyinmu. Firzidan ya miƙa masa wayar salula mai hoton tsuntsuwar nan tasa yana cewa ga abin da ya sa muka sha wahalar jirgi. Baba ya riƙe ta a juye. Sai ya miƙo mini, ya kira ni yadda 'yan makaranta ke kirana.

"Mushe, faɗa mini kamarta."

Na duba. Na ce baƙa ce, cikinta fari, dogon baki, ga ja a gwiwa da yatsu.

Baba ya yi dariya har da tari.

"Ai shamuwa ce. Ashe can take zuwa in ta bar mu? Sannunta da hanya."

Firzidan ya buɗe littafi, ya rufe, ya ce wai akwai ɗan bambanci a launin fuska. Jan biron dai ya riga ya yi aikinsa tun a Zambiya, kuma ban ga ya goge ba.

Da damina ta zagayo na kai Baba Dutsi, ni da shi kaɗai. Kukar tana nan, shamuwa sun cika ta, suna ta kai da kawowa da tsinke a baki. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya saurara, ya tambaye ni sheƙa nawa ne bana, na ƙirga na gaya masa. Ya ciro jimel ɗinsa mai tsagaggen ido ya ɗora a fuska, ya daɗe yana kallo. Katangar maƙwabta ya fuskanta, kukar tana bayansa, ni kuwa na kasa juya shi.