Akun Gidan Gwamnati

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a gidan gwamnati. Daga masu gadi har direbobi, Baban Aku kowa ke ce masa. Yana saurayi ya shigo a matsayin mai ban ruwan furanni, har ya yi furfura yana jan tiyo. Gwamnatoci sun zo sun wuce, babu wadda ta san da zamansa, shi kuwa haka yake so, don a gidan nan sai an san da kai ake korarka.

Tsuntsu ne ya fito da shi fili. Wani baƙo ya kawo wa Maigirma Gwamna aku kyauta, ruwan toka mai jar wutsiya, uwargida ta ce ita ba za ta iya da ƙazanta ba, a ba mai furanni. Da zaɓe ya matso, sai bawan Allah ya zauna gaban keji da gyaɗa a tafin hannu, yana maimaita kalma ɗaya har tsuntsu ya ɗauka. Ranar da Maigirma ya fito zai shiga mota, aku ya miƙe wuya ya ce, "Tazarce! Tazarce!"

Maigirma ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa mai furanni ya faɗi abin da yake so. Ɗaki ya roƙa. Matarsa tana fama da shanyewar ɓarin jiki, a gidan haya kuma sai ya goya ta yake kai ta banɗaki a gaban idon maƙwabta. Aka ba shi ciki da falo a bayan gidan gwamnati, jikin asibitin ma'aikata, inda mai jinya ke leƙo ta kullum ta gasa mata ƙafa. Har ta fara riƙe cokali da kanta.

Sai Maigirma ya faɗi zaɓe, faɗuwa kuwa ba ta wasa ba.

Kwamitin miƙa mulki ya shigo, aka fara sauke hotuna daga bango ana cusa kaya a kwali. Ka ga ikon Allah! Direban da ya sha rantsuwa zai mutu a bayan Maigirma ya wayi gari yana cewa shi dama can zuciyarsa tana wancan ɓangaren. Kuku ya ƙone hular jam'iyya a murhu. Kowa ya juya bakinsa cikin sauƙi, ban da aku, don shi babu wanda ya gaya masa an yi zaɓe.

Shugaban kwamitin, wani dogo mai tabarau, yana zagayen duba gida sai ya ji ihu daga baranda. Ya tsaya cak.

"Na wane ne wannan?"

"Ni ke kula da shi, ranka ya daɗe."

"To saurara, dattijo. Ranar Litinin mai jiran gado zai zo ganin gida kafin rantsuwa. In na ji kalmar nan a gabansa, ka nemi inda za ka kwana."

Baban Aku ya ruga wajen uwargida, ya roƙe ta ta tafi da tsuntsun cikin kayanta. Ta ce ko ganinsa ba ta son yi, bakinsa ne ma ya jawo musu. Ya koma wa mai tabarau ya ce a bar shi ya sake shi ya tashi. Aka ce a'a, kayan gwamnati ne, yadda aka same shi haka za a miƙa shi, kuma a baranda.

Kuku ya ce, "Haba Baba, ka murɗe wuyan ɗan banza mana, ka ce mura ta kashe shi. Ni zan fige maka."

Bai iya ba. Ya sa hannu cikin kejin, tsuntsun ya kwantar da kai yana jiran susa, sai ya sosa masa ya zare hannun.

Ya ɗauki keji ya shiga ɗakin ajiyar tiyo da shi, ya rufe ƙofa. "Canji," yake cewa, "ce canji." Aku ya karkace kai ya dube shi da ido ɗaya ya ce tazarce. Ya ba shi gyaɗa, ya hana shi gyaɗa, ya lulluɓe shi da buhu, ya zage shi tas, duk a banza. Masu wucewa suna jin muryar tsoho ta bayan ƙofa wuni guda, tana tashi tana faɗuwa. Matarsa ta ga ya daina taɓa abinci, ta ce, "Malam, gaya min gaskiya, fitar da mu za a yi?" Ya ce mata wa ya isa.

Litinin ta zo. Ya rataye keji a baranda, ya tsaya gefe. Mai jiran gado ya iso da tawagarsa, ya ga tsuntsu, ya matso yana murmushi.

"A'a! Yana magana?"

Aku ya buɗe baki. Muryar Baban Aku ce ta fito, sak, har da shessheƙar kuka: "Don Allah ka rufa min asiri. Ina zan kai ta? Ina zan kai ta?"

Sai mai tabarau ya ce, "Ka ji, ranka ya daɗe, har tsuntsayen tsohuwar gwamnati sun fara neman tuba." Aka kwashe da dariya. Mai jiran gado ya share hawayen dariya, ya ce lallai a bar masa wannan, a samo wani daga cikin yaransu ya riƙa kula da shi. Suka wuce ganin falo.

Kafin la'asar aka aiko masa ya miƙa makullin ɗakin da aka ba shi ranar rantsuwa. Ya shiga ɗaki ya tarar da matarsa ta jingina da bango tana jiransa.

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

Ya durƙusa ya fara jawo akwati daga ƙarƙashin gadonta.