Baƙin da ke Ɓacewa a Bakin Kogin Wudil

Ko da zan manta sunana, ba na jin zan manta abin da bakina ya kusa jawowa shekara uku da suka wuce. A lokacin duk unguwarmu an san ni da ƙarin gishiri. In na ga ɓera a hanya, kafin in isa gida ya zama gafiya, kafin in kai majalisa ya zama kura mai ƙaho.

A shekarar ne wasu baƙi suka sauka a bayan gari, kusa da kogi, inda ake haƙar ƙasar gini. An ce 'yan bindiga ne suka koro su daga ƙauyensu. Suka kafa bukkokin kara da leda, ba sa shiga harkar kowa. Gwaggona da matan ƙungiyarsu ta unguwa su ne suka roƙi mai unguwa ya bar su su zauna, su ne kuma ke kai musu hatsi da tsofaffin kaya.

Wata Asabar da rana tsaka na bi abokan yayana wankin babur. Babur uku ne, ina bayan ɗaya. Muka ratsa ta cikin bukkokin, sai muka tarar babu kowa. Tukunya tana tafasa a kan murhu. Ga gero a turmi, taɓarya a ƙasa tana gangarawa a hankali, kamar yanzu aka sake ta. Takalma a jere a bakin tabarma, manya da ƙanana. Muka yi sallama har sau uku, ko tari ba mu ji ba. Can sai na ji wani nishi siriri, ba daga bukka ba, daga ƙarƙashin ƙafata. Yadda aka yi na koma kan babur, har yau ban sani ba.

Da yamma na baje kolin labari. Na ce taɓarya da kanta take daka. Na ce ƙasa ta kira sunana har da na kakana. Aka yi ta dariya, ni kuwa ina jin daɗi. Kwana huɗu ba a yi ba, dariya ta ƙare. Yaron maƙwabta ya kwanta zazzaɓi, aka ce baƙin nan mayu ne, da rana suke nutsewa cikin ƙasa. Samari suka ce sai sun tashe su.

Gwaggo ta kama kunnena a soro.

"Kai, sarkin surutu, da ƙafa kuka je wurin?"

"A babur, Gwaggo."

"Guda nawa?"

"Uku."

Ta saki kunnen, ta yi salati. "Sa takalminka, mu je."

Da ƙafa muka tafi. Ga mamakina wurin cike yake da mutane: mata na daka, yara na wasan ƙasa, wani tsoho na gyaran fatanya. Amma ba mai ɗaga murya, ko yaran ma a hankali suke dariya. Muna cikin gaisawa sai ga rugugin babura daga nesa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Babu ihu, babu kiran suna. Kowa ya ajiye abin hannunsa, aka ɗaga zana nan, aka ɗaga dami can, mutane suka riƙa shigewa ramukan ƙasar gini suna jawo kara a kansu. Wata tsohuwa ta fizgo ni da ƙarfin da ban zata ba, sai ga ni a rami. Duhu, warin danshi, da jikoki biyu a ƙanƙame da ita. Ta toshe min baki da tafinta mai sanyi.

"Ɗan nan, kwanta a bayana," ta raɗa min. "In sun ɗaga, ni za su fara gani."

Ni da bakina ya sa aka ce mayya ce, ni take karewa da jikinta. A ƙauyensu, ƙarar babura da yawa mutuwa ce ke tafe.

Daga sama na ji muryar wani saurayi na unguwarmu yana magana da Gwaggo. "Hajiya, kin gani da idonki ko? Sun nutse! Ki matsa mu cinna wa bukkokin wuta, tunda ba kowa."

"Sai dai ku fara da ni," in ji Gwaggo.

Na ji warin fetur. Na tuna abin da ke kanmu busasshen kara ne. Na ture hannun tsohuwar, na bankaɗe murfin, na fito buɗu-buɗu da jar ƙasa ina ihu: "Akwai mutane! Akwai jarirai!"

Jama'a, ƙarti goma sha suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Wani ya bar babur a kunne, wani ya nufi kogi alhali ko iyo bai iya ba. Da ƙyar Gwaggo ta tara su. Ta sa aka kashe injin ɗin, ta riƙa bin ramuka tana cewa, "Ku fito, 'yan gida ne." Suka fito ɗaya bayan ɗaya, wata da jariri da alamar yatsunta a kumatunsa. Mai jarkar fetur ya ajiye ta, ya zauna a ƙasa, ya kasa kallon kowa.

Washegari a ƙofar mai unguwa na tsaya gaban jama'a na ce ƙarya na shirga. Matan ƙungiya suka nemi a sa doka, aka kuma sa: duk mai zuwa wurin baƙin zai kashe babur tun daga titi, ya ƙarasa yana turawa. Har yanzu suna nan, wasu yaransu ma ajinmu ɗaya.

Ban daina surutu ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Amma na koyi cewa in na ga baƙo yana abin da ban gane ba, in fara tambayar abin da ya gani kafin ya zo garinmu. Labarin da na ƙirƙira don a yi dariya saura ƙiris ya ƙone mutane da ransu.