Tsamin Cinya

Shekarar da na fara gudun dogon zango, ni ba gudun ne a gabana ba, ƙirji nake nema. Malamin wasanni na makarantarmu ya tara mu goma sha biyu, yawancinmu sababbi. Kullum bayan la'asar sai mu fita ta bayan gari, mu bi kunyoyin shinkafa har gaɓar kogi mu dawo. Ya yarda mu ɗaga ƙarfe mara nauyi sau biyu a mako, amma idan tsere ya rage kwana huɗu, kada wanda ya taɓa. Ni kuwa gani nake Malam tsoro ne ya yi masa yawa. A bayan shagon wani mai walda muna da namu ƙarfen, gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, an zura musu bututu. Kusan kullum ina can, ina ɗagawa ina kallon damtsena a gilashin wata matacciyar mota.

A cikinmu akwai abokina, ɗan masunta daga wajen Auyo, yana zaune a gidan kawunsa a nan Haɗeja. Siriri ne kamar kara, amma in ya miƙe a kan kunya sai dai ka hango ƙeyarsa. Babansa ya ba shi shekara ɗaya tak. In ya shiga cikin biyar ɗin da za a kai gasa Dutse, ya ci gaba da makaranta da gudunsa, in bai shiga ba ya koma kwalekwale. Duk mun san da wannan, don shi ba ya ɓoye komai.

Ranar Asabar za a yi tseren zaɓen. Ranar Laraba na sa shi a gaba da tsiya.

"Mutumina, da waɗannan ƙafafun na balbela za ka je Dutse? Ai dariya za a yi mana."

Ya yi dariya, amma ya biyo ni. Na ɗora masa bututun a kafaɗa, na ce ya tsugunna ya miƙe, ina ƙirga masa ina zuga shi. Bai taɓa ɗaga ƙarfe ba a rayuwarsa.

Washegari ya zo yana tafiya a tale kamar wanda aka yi wa kaciya. Ya ce cinyoyinsa sun yi tsami, ko sujada da ƙyar ya yi. Sai na ba shi maganin da kowa a bayan shagon nan yake bayarwa.

"Tsami ai da ƙarfe ake kashe shi. Ka ƙara, gobe za ka ji sakayau."

Haka aka koya mini, kuma na yarda da shi. Amma na san dokar Malam, na san saura kwana biyu. A nan kam ba ni da abin da zan wanke kaina da shi. Ya ƙara, don ni na faɗa.

Ranar Asabar shi ne a gaba har muka ratsa fadama. A hawan gaɓa cinyoyinsa suka riƙe. Na ga mutum uku sun wuce shi, sai na huɗu, sai ga ni a gefensa, ni da jikina ya saba da siminti ban ji komai ba. Fuskarsa a yamutse ya ce, "Je ka mana." Na tafi. Ni na zo na biyar, shi na bakwai.

Malam ya same shi zaune a ƙasa yana matsa cinya.

"Kai kuma me ya same ka?"

"Zazzaɓi ne, Malam."

Ina tsaye a wurin da ledar ruwa a hannuna. Malam ya san wanda ya iya gudu a cikinmu. Da na buɗe baki, wallahi ina jin da ya karɓe gurbina ya ba shi. Na san haka a lokacin, shi ya sa na yi shiru. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Bayan mako uku motar Dutse ta ɗauke mu da sassafe. Muna kan gada wani ya ce ga mutuminku can. Yana cikin kwalekwale da babansa, suna jan komar kamun kifi. Ya gane motar, ya saki igiyar da hannu ɗaya yana ɗaga mana. Kowa ya leƙa ta taga yana kiransa. Ni na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmina, wadda dama a ɗaure take, har muka sauka daga gadar.