Ranar da Matan Treichville Suka Hau Gada

Gari bai gama wayewa ba muka bar Galmi, ni da abokin cinikina, zaune bisa buhunan albasa a bayan kamiyo. Daga Yamai har Bwake, duk shingen da muka iso sai direba ya sauka, takardu a hannu ɗaya, ɗayan cikin aljihu. Motocin manya kuwa ko birki ba sa takawa. Kafin mu shiga Abidjan albasar ƙasa ta fara ruwa, muka ɗau warinta, har a masallaci matsa mana ake yi.

A Adjamé muka sauke kaya. Kasuwa cike take, amma kallo ya fi saye. Duk wanda ka yi wa kukan tsada sai ya ce "konjonktir", sunan da suka sa wa wahalar da ta zo tun faɗuwar kuɗin kofi da koko. A sashen kasuwar da ake kira Black Market na ga mutum da taye a wuya yana tallan rediyon gidansa.

Na tsallaka Treichville wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta tsufa can tana sayar da acheke, wato turaren garin rogo, da soyayyen kifi a bakin kasuwa. Jikokinta da Faransanci suka gaishe ni.

Washegari ina zaune kusa da murhunta, mai karɓar haraji ya iso. An ƙara kuɗin tikitin kasuwa a makon.

"Ɗana, ko cinikin fari ban yi ba. Dawo da azahar," in ji Goggo.

Sai ya juye man suyar a kwata, ya jefa kaskon cikin motarsu. Daga nan ya tsallaka titi zuwa katafaren kantin wani mai shigo da kaya ta jirgin ruwa. Can jimawa ya fito yana dariya, da lemo mai sanyi a hannu.

"Ka gani? Shi wancan da lemo yake biya," Goggo ta ce mini.

Ashe ba ita kaɗai aka yi wa ba. Kafin hantsi matan kasuwa sun taru, Jula da Baule da Hausawa, suna dukan kwanoni, suka nufi gadar da ke kaiwa unguwar benayen gilashi. Maganarsu ɗaya: wanda ya fi samu ya fi biya. Na bi su a gefe ina roƙon Goggo ta koma.

"In koma in soya me?" ta ce.

A kan gadar 'yan sanda suka tare su da kulake da hayaƙi mai sa hawaye. Gudu ya raba mu. Da hayaƙin ya lafa na same ta kwance cikin zubabbun takalma, ƙugunta ya karye. Ribar albasata a asibiti ta ƙare. Ranar da zan taho ba ta iya zama ba, kuma kuɗin tikitin kasuwa yana nan yadda aka ƙara shi.

Mun dawo Galmi a kamiyo wofi. Abin da na koyo shi ne, haraji ya san ƙofar mai murhu, ƙofar mai bene ce yake mantawa. 'Yan gida suka kewaye ni suna tambayar tsarabar Abidjan. Na ce su fara yi wa Goggo addu'a.